Darasi: Abin Yi In Waya Ta Hana Ka Shiga Asusunka

Darasinmu na wannan fitowa a kan wayar hannu yake, wato babbar nan ta shafawa wadda yanzu kusan kowa ke da ita a aljihu. Da ita muke aika hoton sa ko na rago, da ita ake tayi, da ita ake sallamawa, ta cikinta kuma kuɗi ke shigowa. To amma akwai ranar da mutum zai wayi gari ta nuna ba ta san shi ba. Ta tambaye shi kalmar sirri, ko ta ce ya sa kod, shi kuwa bai san inda zai samo su ba. Wannan rana ita muke so mu yi wa shiri.

Abin da ya sa na ɗauko maganar, ni kaina abin ya taɓa ci na. A shekarar 2024, ana saura kwana 9 Babbar Salla, na tara raguna 60 a nan Maraɗi, balami da uda, zan ɗora su mota zuwa Yamai. Mai saye na can yana jiran hotuna ta WhatsApp don mu gama magana ya aiko da kafin alƙalami. Cikin cunkoson kara aka zare mini waya daga aljihun gaba. Ban damu ƙwarai ba, na ce kuɗin waya ne kawai suka tafi. Na sayi sabuwa, na nufi ajans don a sake mini layina. Ma'aikaciyar ta duba ta ce, "Alhaji ka yi haƙuri, layin ga ba sunanka ke kai ba. Sai mai shi ya zo da katinshi." Ashe wani yarona ne ya yi rajistar sim ɗin da sunansa tun shekaru da dama, ga shi kuwa ya tafi ci-rani. Na kira ɗan ƙanwata wanda ya buɗe mini asusun Google, inda lambobin mutane duk suke ajiye. Ya ce, "Wallahi Kawu ban riƙe kalmar ba, tun rannan da munka buɗe ban sake tuna ta ba." Sai da na kwana 3 kafin in samo lambar mai sayen a hannun wani direba, lokacin har ya sayi na wani. Dusa da harawa kaɗai sun ci mini kusan jika 90, ragunan kuma na sayar da su yadda ta samu. Bashin da nake bin mahauta biyu, wanda shaidarsa ke cikin saƙon murya, sai da aka yi ta rantse-rantse. Laifin kuwa ba na kowa ba ne, nawa ne.

1. Asusu ba cikin waya yake ba

Abu na farko da ya kamata mu gane, asusu, wanda yara ke kira kont, ba cikin ƙarfen nan da ke hannunka yake zaune ba. Yana can ajiye a manyan na'urorin kamfani, kamar yadda kuɗinka ke banki kai kuwa takarda kawai ke hannunka. Kamfanin bai san fuskarka ba, bai san mahaifinka ba, ba ruwansa da cewa kowa a kara ya san ka. Abu biyu ya sani: lambar wayarka da kalmar sirrinka. Wanda ya zo da su shi ne mai asusu a wurinsa, ko da ɓarawo ne. Wanda ya zo babu su baƙo ne, ko da shi ya buɗe.

Sa'an nan makullan da ke cikin waya ba guda ba ne. Akwai makullin fuskar waya, wato zane ko lamba ko ɗora yatsa. Akwai PIN na sim, wanda na kamfanin layi ne. Akwai kalmar sirri ta Google ko ta Facebook, mai haruffa da lambobi. Akwai kod, wanda ake aiko maka ta saƙo, a yi amfani da shi sau ɗaya ya mutu. Akwai kuma lambar sirri ta asusun kuɗi. Da yawa daga cikinmu duk "kod" muke ce musu, shi ya sa mutum zai yi ta danna lambar buɗe fuska a wurin da ake neman PIN na sim har ya rufe layinsa. Ba a yi wa saniya allura sai an san ciwonta. Saboda haka kafin ka danna komi, karanta abin da aka rubuta, ko ka sa wanda ka amince da shi ya karanta maka, ka san wane makulli ake nema.

2. Fara da ƙananan abubuwa

Sau da yawa kalmar sirrinka daidai take, matsalar daga wani wuri ne. Duba waɗannan bi da bi:

Na ɗaya, rezo da forfe. Shiga asusu sai da intanet. In kana cikin daji ko forfe ya ƙare, waya za ta yi ta juyi ta ce ba ta iya ba. Gwada buɗe wani shafi ka gani. In bai buɗe ba, to ba laifin asusu ba ne.

Na biyu, kwanan wata da agogo. Wayar da aka cire wa batir, ko ta daɗe a mace, takan koma wata tsohuwar shekara. In kwanan watanta ya saɓa da na gaskiya, WhatsApp yakan ƙi buɗewa, shafuka masu tsaro su ma su ƙi. Shiga Paramètres, wato alamar nan mai kama da faranti mai haƙora, ka nemi wurin kwanan wata ka sa ta riƙa ɗauka da kanta daga rezo.

Na uku, cikar waya da tsufanta. Wayar da hotunan dabbobi da bidiyo suka cika ta ba ta iya sabunta komi. Rage mata kaya, ka shiga Play Store ka sabunta abin da ya ƙi buɗewa. In kuma wayar ce ta tsufa ainun, babu dabara. Tun watan Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan Android da ke ƙasa da 5.0.

Na huɗu, kashe ta ka sake kunnawa. Amma ka sani, bayan an sake kunna waya ba ta karɓar yatsa, sai an sa mata zane ko lamba tukuna. Mu da igiya ta cinye mana tafin hannu, ga ƙura ga kaushi, dama yatsa ba abin dogaro ba ne. Kada ka yarda ka manta zanen don kana ɗora yatsa.

3. In an ce kalmar sirri ba daidai ba ce

Kada ka yi ta maimaitawa da fushi. Tsaya ka duba yadda kake rubuta ta. A kalmar sirri babban harafi daban yake da ƙarami, A ba ɗaya yake da a ba. A gefen wurin rubutun akwai ƴar alama mai kama da ido, ko ɗan akwati. Taɓa ta, za ka ga abin da kake rubutawa maimakon ɗige-ɗige. In daga takarda kake kwafa, lura da harafin O da sifiri, da kuma ƙaramin l da lamba 1, don su suka fi ruɗa mutane.

Akwai wani abu da ke kama masu sayen waya a Nijeriya. Jerin haruffan Faransanci daban yake da na Ingilishi. A na Faransanci layin sama da A da Z yake farawa, a na Ingilishi kuwa da Q da W. Wanda hannunsa ya saba da wuri, ba da harafi ba, sai ya danna inda ya saba ya rubuta wani abu dabam, ya rantse kuma daidai ya sa.

Duba adireshin shi ma. In wayar ta cika maka shi da kanta, takan bar ɗan fili a ƙarshe, sai ka goge. Ɗigo a tsakiyar sunan Gmail kuwa ba ya hana komi, da shi da babu duk ɗaya ne. Kalmar sirri ta Google ba ta gaza haruffa 8, saboda haka in abin da kake tunawa lamba 4 ne, to wani makulli ne kake tunawa.

In ka tabbata ka manta, taɓa inda aka rubuta Mot de passe oublié. Google zai aiko kod zuwa lambar da aka sa ranar buɗe asusun, saƙon yakan fara da harafin G sa'an nan lamba 6. In ya ce ya aika tambaya zuwa tsohuwar waya wadda ba ta hannunka, taɓa Essayer une autre méthode. In ya tambaye ka kalmar ƙarshe da kake tunawa, rubuta ko da tsohuwa ce, kada ka tsallake. Kuma ya fi kyau ka yi wannan aiki da wayar da ka saba shiga da ita, a garin da ka saba, domin yana la'akari da haka. Facebook ma kusan hanyarsa ke nan: ka ba shi lamba ko adireshi, ya nemo asusun, ya aiko kod. Wanda wayarsa ke Ingilishi, wuraren duk ɗaya ne, rubutun ne kawai ya bambanta.

A nan ne za ka gane amfanin lambar da aka sa ranar buɗewa. In ta mai shagon caji ce ko ta wani yaro, to kod ɗinka can zai tafi.

4. In kod bai zo ba

WhatsApp ba ya neman kalmar sirri wajen shiga. Lambarka yake nema, ya aiko da kod mai lamba 6. In ka jira shiru, duba lambar da ka rubuta. Kowace ƙasa da lambar gabanta: Nijar 227, Nijeriya 234, Benin 229, Gana 233, Kodibuwa 225, Cadi 235, Kamaru 237. Layin Nijar lamba 8 ne. Layin Nijeriya lamba 11 ne tare da sifirin farko, amma in ka sa 234 sai ka jefar da sifirin, saura 10. Mai sim biyu ya lura kada ya zaɓi Nijar ya rubuta lambar Nijeriya.

Ba dole ba ne sim ɗin ya kasance cikin babbar waya. In yana cikin ƴar ƙaramar nan mai tocila, kod zai shiga can, ka karanta ka rubuta a babbar. Sai dai ka duba kada akwatin saƙonta ya cika, don in ya cika sabo ba ya shiga.

Masu bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko masu cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, sun san yadda waya ke kama rezon wancan gefe a bakin iyaka. A irin wannan wuri saƙo yakan yi jinkiri ko ya ƙi zuwa. In ba dole ba, bari sai ka dawo inda layinka ke da ƙarfi. In saƙo ya ƙi, jira ƙidayar da ke fuskar waya ta ƙare, ka zaɓi a kira ka. Na'ura ce za ta kira ta karanta maka lambobin, sai ka tanadi alƙalami.

Babban kuskure shi ne cinke. Duk sa'ad da ka sa kod na ƙarya, ko ka yi ta neman sabo a kai a kai, lokacin jira ƙaruwa yake, daga mintoci ya koma awoyi. Wanda ya yi haƙuri na minti 10 ya fi mai gaggawa saurin shiga.

Bayan kod, wani sai a tambaye shi wata lamba 6 kuma. Wannan ita ce PIN ta mataki na biyu, wadda mai asusu ke sa wa kansa. In ka manta ta, kuma an haɗa ta da adireshin Gmail, za a aiko maka hanyar sakewa can. In ba a haɗa ba, sai ka jira kwana 7. Babu mai gyaran da zai rage maka kwana ko ɗaya, duk wanda ya ce zai iya kuɗinka yake so. Haka nan a guji WhatsApp na jabu irin su GB WhatsApp, domin kamfanin yana rufe lambar mai amfani da su.

5. Sim da asusun kuɗi

PIN na sim sau 3 ake kuskurensa ya rufe. Daga nan sai ya nemi PUK, mai lamba 8, wanda ke rubuce a jikin katin roba da aka ɓallo sim ɗin daga ciki. PUK kuma in aka yi kuskurensa sau 10, sim ya mutu har abada, sai dai a sake wani a ajans. To kada a yi masa cinke, kuma kada a yar da katin nan na roba.

Asusun kuɗi shi ma akasari kuskure kaɗan yake jurewa ya rufe. In ka sa sau 2 ya ƙi, tsaya nan. Kuɗinka ba su tafi ko'ina ba don an rufe. Ɗauki katinka na ɗan ƙasa ka tafi ajans da ƙafarka.

Layi kuma in ya daɗe ba a aiki da shi, kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani. Daga ranar duk kod ɗinka hannun baƙo zai riƙa shiga. Wannan ya fi shafar masu ajiye sim na wata ƙasa sai lokacin tafiya. A riƙa sa masa kredi ana kira da shi jefi-jefi. Masu layin Nijeriya su tuna tun Disamba 2020 hukumar can ta ce a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, an kuma rufe layuka masu yawa a kan haka. Asusun da aka yi watsi da shi ma yana ɓacewa. WhatsApp yakan share wanda ya yi kwana 120 bai hau intanet ba, Google kuma tun Disamba 2023 ya fara share wanda ya shekara 2 ba a taɓa shi ba.

6. Wayar da aka saya a hannu

Tun daga Android 5.1, wanda ya fito a 2015, akwai wani tsaro da aka sa saboda ɓarayi. In aka wanke waya ba tare da an cire asusun Google da ke cikinta ba, da ta tashi sai ta nemi wannan asusun na dā, ba ta karɓar wani. Saboda haka in za ka sayi waya a hannun wani, sa shi ya cire asusunsa a gabanka, a wanke ta, ka shiga da naka, sa'an nan ka biya. Ai ko karsana ba ka biya sai ka ga tafiyarta.

Wannan tsaro yana kama mai waya shi kansa. Wanda ya manta zanen buɗe fuska, mai gyara zai ce sai an wanke. Kafin ka yarda, tabbata ka san adireshinka da kalmar sirrinka, in ba haka ba daga rami ɗaya za ka faɗa wani. In kuma yanzu ka sake kalmar sirri, bari a yi awa 24 kafin a wanke.

7. Masu neman kod ta waya

Wani zai kira ka da ladabi, ya ce daga kamfani yake, ko daga ƙungiya, ko ya ce, "Alhaji, kuskure na yi, kod ɗina ya shigo wayarka, don Allah karanto mini." Abin da ya faru shi ne ya rubuta lambarka a wayarsa, kamfani ya aiko maka kod, yana so ka miƙa masa makulli da hannunka. Da ka karanta masa, WhatsApp ɗinka ya koma wurinsa, ya shiga bin abokan cinikinka da sunanka da hotonka yana cewa a turo kuɗi mota ta lalace a hanya. Mu da sana'armu duk a kan amana take, ɓarnar da wannan zai yi ta fi ta kuɗi. Babu ma'aikacin gaskiya da zai nemi kod ko lambar sirrinka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In har ta faru, kada ka tsaya jimami. Muddin sim na hannunka, sake shiga WhatsApp da lambarka, a aiko sabon kod, da ka sa shi an fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa PIN tasa, za ka jira kwana 7 kafin ka shiga, amma shi dai ya fita. Nan take ka kira abokan hulɗa da fatomanka ka shaida musu kada kowa ya tura ko dala. In wayar aka sace da sim, fara da ajans a rufe layin a sake maka wani.

8. Shirin da kowa zai yi cikin wannan mako

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da nake roƙon kowane ɗan ƙungiya ya yi tun waya na lafiya:

Ka je ajans da katinka ka tambaya sunan wa ke kan layinka. In ba naka ba ne, a gyara tun mai sunan na kusa.

Ka rubuta adireshin Gmail da kalmar sirri da PIN da PUK a littafi, da boko ko da ajami, ka ajiye gida inda kake ajiye takardun fili. Kada ka sa cikin rigar waya, kada kuma ka yi kalmar sirri da lambar wayarka ko 1234.

Ka sa a duba maka lambar da ke cikin asusun Google ta neman taimako. In ba taka ba ce, a canza.

A WhatsApp ka shiga Paramètres, sai Compte, sai Vérification en deux étapes, ka sa PIN da hannunka, ka haɗa da adireshinka. Ka duba Appareils connectés, in ka ga na'urar da ba ka sani ba ka fitar da ita. In za ka sake layi, yi amfani da Changer de numéro tun kana cikin asusun.

Ka kunna ajiyar saƙonni a Google Drive. Ba ta dawowa sai da lamba ɗaya da asusun Google ɗaya, to a kiyaye su biyun.

Lambobin manyan abokan cinikinka guda 10 ko 20, da na direbobi, ka rubuta su a takarda. Bashi kuma ya shiga littafi da shaidu kamar yadda muka gada, kada a bar shi cikin saƙon murya kaɗai.

Ba laifi ba ne yaro ya taimaka maka, mu duka da su muke dogara. Amma ka zauna kusa da shi, ya faɗa maka abin da ya sa, ka rubuta kafin ya tashi. Ni dai layina na dā sai bayan wata 4 ya dawo hannuna, da yaron ya komo gida muka tafi ajans tare, asusun Google kuwa har yau ban same shi ba. Wanda ya karanta wannan darasi ya daure ya karanta wa na kusa da shi a rumfa wanda bai yi boko ba.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.